Ranar da Aka Auna Kan Mai Kitso

Daren jiya na yi wani mafarki, wai an kira ni ofishin sabunta lasisin yatsu. Shekara ashirin ina kitso ban san yatsu na da lasisi ba, amma na bi layi.

Wata akuya mai tabarau ce a kan kujera, tana cin fayil ɗin wanda ya riga ni. Ta ce, "Baiwar Allah, gwaji biyu ne. In kin faɗi, mu karɓe yatsun mu ba ki kofato." Da yatsun nan kuwa nake rufa wa kaina asiri.

Sai ga ni a gidan biki, ruwa na tashi daga ƙasa yana komawa gajimare. Kawuna bakwai a gabana, ana guɗa, ana gulmar dangin ango. Na yi shuku, na yi kalaba, har na sa baki a gulmar. Akuyar ta ɗora kaina a sikelin masu tumatir.

"Yaya kike jin sa?"

"Wayam."

Ta rubuta, ta cinye takardar.

Sai ga ni a wani ɗaki tsit, kai ɗaya tal a gabana. Ta ce, "Wannan mai sauƙi ne. Amma kafin yatsa ya motsa, ki faɗi wanne ne da dalilinsa."

Na ce babban yatsa ke farawa. Manuniya ta ce ƙarya ne, ita ce tun zamanin kakata. Suka kaure da musu. Kaina ya kumbura ya kai randa, gashin ya cukurkuɗe, sikelin ya karye.

Akuyar ta gyara tabarau. "Na biyun kin sha wahala, kin ɓata aiki. Na farkon ba ki ji komai ba, ke nan ba ki yi aiki ba. Kin faɗi duka."

Wani bunsuru ya shigo da kofato a faranti, yana tambayar lambar da nake sawa. Na fashe da kuka, na cusa yatsuna cikin abin da na laluba.

Ƙarar faɗuwar buta ce ta tashe ni. Na ƙirga yatsuna, goma cif. Mijina, Malam Isiyaku, na tsaye a bakin ƙofa riƙe da haɓa.

"Tabawa, taso ki tsefe mini gemu, za a tayar da salla."

Na ce ya matso haske tukuna. Ban taɓa yin kitso mai kyau irinsa ba.