Oga Ya Tafi Anacha

Kosi ya zaro rigar daga cikin leda ya girgiza ta, warin kafur ya cika zauren. Kakin da Goni ya yi shekara talatin yana sawa ne a ƙofar gidan mahaifin Kosi a Sabon Gari, kafin gwiwoyinsa su sallame shi daga aiki.

"Sawa kawai za ka yi, Baba Goni. Ka shiga ka faɗa mata magana ɗaya, shi ke nan."

Goni bai miƙa hannu ba. Ya dubi mutumin da ke durƙushe a gabansa, Kosisochukwu, wanda ya sha tsallakar da shi titi zuwa makaranta. Yanzu ga tumbi, ga furfura a gefen kunne. Hausar Kano tana nan a bakinsa, sai dai Legas ta ɗan lanƙwasa ta.

"Maimaita mini maganar."

"Ka ce Oga ya aiko. Yana Anacha, ya ce ta zo, ga mota a waje."

"Oga Udoka da muka raka gawarsa tasha?"

"Shi fa."

Oga Udoka ɗan kasuwar kayan gyaran mota ne. Da ya rasu aka kai shi garinsu aka binne, kamar yadda mutanensa suke yi. Matarsa, Madam Obiageli, ta bi gawar, ta yi zaman makoki, ta dawo Kano. Bayan 'yan watanni sai ta fara gaya wa maƙwabta cewa mijinta ya tafi Anacha sarin kaya. Tana girki na mutum biyu, tana goge masa takalma. Likita ya ba abin suna. Likitoci ba sa rasa sunan da za su ba ciwon da ba su da maganinsa.

"Makon jiya ta faɗi a banɗaki," in ji Kosi. "Tun safe tana kwance a ƙasa, sai wajen azahar mai garuwa ya ji nishinta. Ni ina Legas, Baba. Na gyara mata ɗaki a gidana, asibiti yana kusa. Ta ce ba inda za ta sai mijinta ya dawo. Fasto ya yi magana, ƙanwarta ta yi ta waya har ta gaji. Abu ɗaya take faɗa: in Oga ya aiko, daga bakin Goni za ta ji."

"Gidan fa?"

Kosi ya kau da kai. "Akwai mai saye."

Daga cikin gida Kubura, 'yar Goni, ta ɗaga murya. "Baba, ka je mana. Ai taimako ne. Ka ga tsohuwa ita kaɗai."

Goni ya karɓi rigar. Ta yi masa yawa a kafaɗa.

Daga Kwaciri zuwa Sabon Gari ba nisa ba ne, amma cunkoson Bata ya riƙe su. Masu dako suna ratsa motoci da dilolin atamfa a ka, 'yan adaidaita suna zagin juna da iyayen juna. Kosi yana gaba yana waya da Inyamuranci. Goni yana baya yana juya maganar da aka ba shi.

Mutane suna zaton gadi sanda ce da tocila. Gadi baki ne. Duk abin da zai shiga gida daga waje ta bakin mai gadi yake bi: wane ya zo, wance ta haihu, kaya sun iso, an sa dokar hana fita. A shekarunsa na wannan ƙofa Goni bai taɓa ƙara wa saƙo gishiri ba, bai taɓa rage masa ba. Ya sha cewa baƙo Oga ba ya nan alhali yana ciki yana cin sakwara, amma wannan ba ƙarya ba ce, yaren ƙofa ne, kowa ya san fassararsa. Kai wa masu gida abin da ba a aiko ba, wannan daban ne.

Akwai kuma abin da ya fi damunsa, bai gaya wa Kosi ba. Madam ba ta taɓa fara gaishe shi da wani abu ba sai da sunan matarsa. "Ina ƙawata Gana?" Haka take cewa kafin ma ta ce ina kwana. Su biyun sun yi ta musayar daddawa da manja ta hannunsa har ya daina ƙorafi. Gana ta rasu a daminar bara, bayan Oga da daɗewa. Matar da agogonta ya tsaya kafin mutuwar mijinta, a wurinta Gana tana raye. Za ta tambaya. Shi kuma sai ya ce lafiya lau, tana gaishe ki. Tun daga Bata yake shirya ƙirjinsa don wannan.

Aka ajiye motar a bakin layi, can bayan France Road. Kosi ya ce zai jira a ciki da direba, kada ta gan shi ta yi gardama.

Ƙofar tana nan da tsohon kukanta. A tsakar gida, daidai inda Fijon Oga take kwana, an kafa sanduna, ganyen ugu ya hau su ya yi kore shar. Goni ya ɗan tsaya ya kalli shukar. Wadda take jiran mota ba ta shuka miya a wurin ajiye ta. Ya bar wannan a ransa ya yi sallama.

Tana zaune a falo, sanda a jingine da gwiwarta, goshinta da tabon faɗuwar da bai gama bajewa ba. A kan teburin da ke gaban kujerar Oga akwai kwano a rufe.

"Goni! Babarbare mai taurin kai! Ina ka shige? Oga zai dawo ya tarar da ƙofa ba kowa, ni zai yi wa faɗa."

"Ina nan, Madam. Ina kwana?"

"Lafiya lau. Zauna, kada ka tsaya mini a kai kamar ɗan sanda. Ya gwiwar?"

"Da sauƙi."

"Ya Kubura? Mijinta yana nan Kwari?"

"Yana nan."

"Yaran fa? Mai rashin jin nan ya shiga makaranta?"

"Ya shiga."

"Madalla. Ya zafi? Ya garin?"

"Sai godiya."

Ya jira. Ta gyara ɗaurin zaninta, ta ce masa shinkafa ta yi tsada, ta ce Oga ya daɗe wannan karon, ƙila hanya ce ba kyau. Ya ci gaba da jira. Sunan bai zo ba. Ta bi gidansa ɗaki ɗaki da gaisuwa, ta kewaye ɗaki guda kamar yadda ake kewaye kabari.

Saƙon Kosi yana kan harshensa. Ya haɗiye shi.

"Madam, ba ki tambaye ni Gana ba."

Fanka tana juyawa a sama. A waje wani yana tallan gawayi. Ta daɗe tana kallon kan sandarta, yatsunta suna shafa wurin da hannu ya cinye.

"Allah ya jiƙanta," ta ce a hankali. "Na ji tun ranar. Na rufe ɗaki na yi kukana. Ban iya zuwa gaisuwa ba, Goni. In na zo, kowa zai gane na san ranar da ake ciki."

"Kin sani ke nan."

"Ni na rufe masa ido. Ni aka aske wa kai a garinsu. Wa zai gaya mini Udoka ya mutu?" Muryarta ta sauka, ta koma ta matar da ya sani, wadda take ciniki da mahauta har su yi gumi. "A wurinmu in uba ya faɗi, gida na ɗa ne. Kosi yaron kirki ne, ba zai wulaƙanta ni ba. Zai sa ni a ɗaki mai sanyi a saman bene, inda ban san kowa ba, in riƙa kallon jikoki suna danna waya. Ina amarya na zo garin nan. Rikici ya kore ni, na dawo. Ya sake korata, na sake dawowa. Matar mamaci baƙuwa ce a gidan ɗanta. Matar matafiyi kuwa ita ce da gida har mijinta ya dawo."

"Shi ya sa."

"Da gangan na fara. Yanzu kuma…" Ta dubi kwanon da ke rufe. "Wani lokaci in na ji mota ta tsaya a layi, sai na miƙe kafin in tuna. Ban sani ba ko ni nake riƙe da abin ko shi yake riƙe da ni." Ta ɗago ido. "Wannan rigar da ke jikinka a akwatina take. Me Kosi ya aiko ka ka faɗa?"

Ya gaya mata, bai ƙara ba, bai rage ba.

Ta yi wata gajeriyar dariya. "Ɗan ubansa. Ka ga, in ka tsaya a tsakar gida ka faɗe shi da ƙarfi, dole in shiga motar. Mahaukaciyar da take jiran miji, in miji ya kira, me za ta ce? In na ƙi, na warke. In na warke, gida nasa ne. Ko ta ina ya kama ni."

"Kin faɗi a banɗaki, Madam."

"Na faɗi."

"In kin sake fa?"

"Sai in mutu a gidana. Laifi ne?"

Goni ya tuna da tasa matar. Gana a ɗakinta ta cika, ƙofa a buɗe, tana jin dakan maƙwabta da muryar Kubura a madafa. Bai taɓa ɗaukar wannan a matsayin arziki ba sai yanzu. Amma ya ga tabon goshin nan, ya kuma san yadda simintin banɗaki yake da sanyi ga wanda ya kasa tashi. Yaron da ke waje ba azzalumi ba ne. Tsoro yake ji, kuma tsoronsa yana da gaskiya.

"Za ka gaya masa?" ta tambaya.

Ya dafa gwiwa ya miƙe, a hankali, kamar yadda yake miƙewa yanzu. Ya fita.

Kosi ya riga ya fito daga mota, yana tsaye a rana. "Yaya? Ta yarda? In sa direba ya shigo?"

"Ban faɗa ba."

"Baba Goni!"

"Oga bai ba ni saƙo ba. Abin da ba a ba ni ba, ba na kaiwa ciki."

"Wane Oga? Haba Baba, kai ma?" Kosi ya share fuska da tafin hannu. Idanunsa sun yi ja. "Uwata ce fa. In ta sake faɗuwa wa zai ji ta? Mai garuwa?"

"Ni."

"Kai da ko tsayuwa ba ka iya yi?"

"Gwiwa ce ta tsufa. Kunne yana nan." Goni ya leƙa ɗan ɗakin da ke jikin ƙofa. An cika shi da tsofaffin tayoyi, amma za su fitu. "In za ka wuce ta Kwaciri, ka ce wa Kubura ta aiko mini da tabarma da buta. Da maganin gwiwar, yana kan taga."

"Mai sayen gidan fa? Me zan ce masa?"

"Ka ce masa akwai mutane a ciki."

Kosi ya tsaya yana kallonsa, yana neman alamar wasa ko ta ruɗewa a fuskar tsohon. Bai sami ko ɗaya ba. Ya dubi tagar falo, labule bai motsa ba.

"Har yaushe, Baba?"

Goni ya kama ƙofar da hannu biyu ya fara turawa.

"Sai Oga ya dawo," ya ce.