Takalmin Inna

Injiniya Tawfiq yana cikin gosulon hanyar Kubwa aka kira shi daga filin jirgi. Wai jirgin da matarsa Nazeefa ke tuƙowa daga Maiduguri ya daina amsa kira. Ya ajiye wayar a cinya.

Ya san irin wannan shirun. Shi ya ci yayansa Manniru, shi ma matuƙin jirgi, shekarun baya. Iskar shaƙa ce ta zurare daga ɗakin matuƙa a hankali, ƙararrawa na ta kuka, Manniru kuwa ya lula barcin da ba a tashi. Tun daga ranar Tawfiq bai ƙara yarda da ƙararrawa ba. Ai ko suna yara, duk kiran duniya ba ya tashin Manniru da asuba, sai Inna ta yaye bargo ta murɗe masa babban yatsan ƙafa. A nan ya samo dabarar. Ya ƙarar da samartakarsa a wani ɗan shago a Utako yana ƙera na'urar da ake sa wa takalmi: da zarar iska ta yi ƙasa a jinin matuƙi sai ta matse yatsa, ba ta saki sai an ɗaura takunkumin iska.

Abokan aiki suka yi dariya har suka gaji, suka raɗa masa suna takalmin Inna. Wani ƙaramin kamfani ya karɓa, kuma a wajen gwaji ne ya fara haɗuwa da Nazeefa, ta harare shi hararar da har yau bai warke ba.

Sai dai yau da safe ta yi mitar cewa takalmin ya yi mata kanta a ƙafa, tsohon nata za ta sa. Ya fita yana sauri, bai tsaya ganin wanne ta ɗauka ba. Abin da ke cin zuciyarsa ke nan.

Wayar ta yi ƙara. Sunanta ne.

"Malam mai takalmi," in ji ta, muryarta a dishe.

Ta ce ita da mataimakinta duk sun gyangyaɗe, sai ta ji an damƙe mata yatsa kamar da filaya. Ta farka tana tsine masa, ta jawo takunkumi, ta sauko da jirgin. Kowa lafiya.

"Yatsan ya kumbura fa. Kai za ka gasa min shi."

Tawfiq ya kifa goshi kan sitiyari, dariya da hawaye suka haɗe masa. Hanya ta buɗe, ana ta danna masa hon, wani kwandasta na cewa oga a matsa mana. Bai motsa ba sai da ya gama hamdala.