Ku Ɗauka Har da Ɗakin

A Zuru, kayan gidanka na biki ne. Benci, babbar tukunya, janareta, duk wanda hidima ta taso masa zai aiko a ɗauka, kai kuma ka bi shi da fatan a tashi lafiya. Dinah ma haka ta taso, har ranar da aka ari lasifikokinta.

Da hannunta ta haɗa su, da katakon maɗaci, saboda mahaifinta. Baba Markus tsohon soja ne, ƙarar bindiga ta cinye masa rabin ji. Abu ɗaya ya rage masa a duniya: waƙar zumuntar matan coci da aka ɗauka a kaset kafin matarsa Alice ta rasu, ita ke bayarwa sauran na amshi. A rediyo hayaniya kawai yake ji. Dinah, wadda ta koyo aikin lantarki a Kaduna, ta yi ta gyara tana gwadawa, ta ɗaga siririn sauti daidai inda kunnensa ya gaza, har muryar ta fito masa tas.

Ba don ƙara aka yi su ba. Amma aka kwashe su zuwa filin biki a Dabai, aka murɗa har ƙarshe, aka dawo mata da su suna warin ƙonanniyar waya. Ko sannu babu. Damina guda tsohon yana zaune jugum, ita kuwa baƙin ciki kamar ya kashe ta.

Ta sake haɗa sababbi. Ai kuwa labari ya zaga gari, sai ga Kawu Kefas, yayan marigayiyar, da a-kori-kura a ƙofar gida. Ɗansa zai yi aure.

"Ɗiyata, fito muna da kayan kiɗan nan."

"Kawu, ba su fita."

"Mi kika ce? Ni za ki hana? Uwarki ko cokali ba ta taɓa hana wani ba!"

Maganar ta soke ta, don gaskiya ce. Ta haɗiye, ta ɗaga labule. "To, bismilla. Shigo ka ɗauka."

Ya shiga yana huci, ya waiga dama da hagu. Babu akwati ko ɗaya. Ashe tuni Dinah ta fasa bangon da ke tsakanin ɗakin da sito, ta dasa lasifikokin a ciki, ta bi da siminti. Siton da ta cika da buhunan auduga shi ne akwatinsu yanzu.

"In kuna so, ku ɗauka har da ɗakin," in ji ta.

"Rowa har da siminti! To, ranar aurenki ko benci ba mai ba ki."

"Sai mu zauna ƙasa, Kawu."

Ba ta sunkuyar da kai ba. Ta miƙa hannu ta kunna, a hankali. Tulu ya fara bugawa can ƙasa, caki ya biyo, sai muryar Alice ta taso daga tsakiyar bangon, kamar tana tsaye a ɗakin da zanen zumunta. Kawu Kefas ya tsaya baki buɗe.

Baba Markus, wanda bai ji ko kalma ɗaya ta rigimar ba, ya ɗaga sandarsa daga kujera ya taɓa ƙafar surukinsa.

"Kefas, matsa gefe. Ka tsaya gaban Alice."

Ya matsa.