Sararin da Baba Ke Bari

Shekara arba'in Baba yana sassaƙa ƙofofi kafin hannunsa ya fara rawa. Da farko ya ɗora wa shayi laifi, daga baya ya ɗora wa kurfin da yake sassaƙa da shi. Ran da furen da ya kwana uku yana fitarwa a jikin ƙyauren mutane ya tsage gida biyu, sai ya dawo gida ya ce a ƙarshen wata zai bar shagon. Mai faci, maƙwabcinsa, dama ya daɗe yana haɗiyar yawu a kan wurin.

Kowa ya ce Allah ya sa haka ne mafi alheri, ban da Auta. Ita gyaran firinta take yi, kuma ta san mahaifinta ciki da bai. In aka raba shi da ƙanshin katako, a ƙofar gida zai zauna yana kallon masu wucewa har ya ƙare. Wannan tunani ya tsorata ta ƙwarai.

"Baba, ka ba ni sati uku," ta ce. "Zan haɗa maka injin da zai riƙa yankan, kwamfuta tana gaya masa inda zai bi."

"Ita kuma kwamfutar wa ya koya mata fure?"

"Kai za ka koya mata."

Ya taɓe baki, amma bai ce a'a ba, kuma a wurin Baba hakan amincewa ce.

Ta ciro ƙananan injina masu juyawa guda uku daga matattun firintoci, ta samo ƙarfen da durowa ke zamewa a kai, da dogayen ƙarafa masu zare, da wata tsohuwar kwamfuta da sai an tokare mata baya take tsayuwa. Gangar jikin injin kuwa ta katako ce, kuma Baba ya rantse ba wanda zai buga ƙusa a shagonsa yana raye. Manyan yanka har yanzu hannunsa na iyawa. Ta ba shi awo a takarda, ya yi mata kallo ɗaya ya cusa a aljihu. Cikin kwana huɗu ya tsayar da teburi da gadar da za ta riƙa kai da komo a kansa, aiki sumul, abin sha'awa.

Ranar gwaji Auta ta ɗaura biro a gurbin bakin yankan, ta umarci injin ya zana da'ira. Ya yi gurnani, ya zagaya, ya zana wani abu mai tsini. Ƙarshen layin ma bai haɗu da farkonsa ba, yatsa zai shiga tsakaninsu.

Mai faci ya leƙo. "Injiniya, kazar taku ta fara ƙwai ke nan?"

Kwana goma tana fama. Ta canza waya, ta sake lissafi, ta zargi kwamfutar, ta zargi kanta. Kullum ƙwai. Baba yana gefe a kan benci, ya fara ɗaure kayan aikinsa ƙulli-ƙulli, yana yi a hankali don kada ta lura, ita kuwa tana gani. Wata rana da la'asar gajiya ta sa ta jingina da gadar, sai ta ji ta ɗan goce. Ta girgiza ta, ta sake gocewa. Ta durƙusa ta bi mahaɗar katakan ɗaya bayan ɗaya. Kowace akwai ɗan sarari a cikinta, kamar kaurin kwalin ashana.

"Baba, wannan sararin fa?"

"Ni na bari," ya ce, ko gezau. "Katako yana kumbura in ya sha damshi. Wanda bai bar masa wuri ba, damina ɗaya aikinsa zai tsage. Ƙofofina kin taɓa jin ɗaya ta cije?"

"Ai wannan ba ƙofa ba ce. Inji ne. Kwana goma ina neman abin da ka yi da hannunka."

Ya dubi hannun nasa yana ɓari a kan gwiwarsa. "Ni kuwa ƙofa kaɗai na iya," ya ce, ya ɗauki hularsa ya fita. Auta ta ji kamar ta haɗiye harshenta. Ta zo ne ta ɗaga shi, ga shi ta ƙara danne shi.

Washegari ta yi sammako da niyyar ba shi haƙuri, sai ta tarar ya riga ta. Ya fere 'yan ƙananan katakai masu sirin baki, cike da gwangwani, duk a karkace saboda rawar hannu.

"Ba ado za su yi ba," ya ce kafin ta buɗe baki. "Kunna abin naki, ya tafi a hankali."

Ta kunna. Ya kara kunnensa a jikin gadar, ya lumshe ido. Duk inda ya ji ɗan ƙas, sai ya soka katako ɗaya a sararin ya bubbuga da guduma har ƙarar ta ɗauke. Hannun yana rawa, amma kunnen bai tsufa ba. Mahaɗa goma sha shida ya bi haka. Da biron ya sake zagayawa, layin ya dawo ya hau kan farkonsa daidai. Suka sa bakin yanka na gaske, garin katako ya tashi, da'ira ta fito a jikin allon tas. Baba ya daɗe yana shafa gefenta da babban yatsa.

"Ba laifi," ya ce. "Amma ki sani, in damina ta faɗi dole a sassauta waɗannan katakan, in ba haka ba gadar za ta tsage."

"To ka nuna min yadda ake yi, in rubuta."

"Ki rubuta me? Ke da ba ki san kukan katako ba. In lokacin ya zo ni zan yi abina."

Auta ta buɗe baki za ta yi gardama, sai ta tsaya. Ƙarshen watan da ya ce zai bar shagon saura kwana biyar, damina kuwa sai nan da wata huɗu. Ta juya baya tana goge ido da gefen mayafi, wai gari ne ya shige mata.

"In kin gama," in ji Baba, "kawo min takarda da fensir. Furen zan zana wa kwamfutar taki."