Tsaga a Wuyan Keken Ɗinki

Tsagar ta faro daga wuyan keken ɗinkin ta gangara har gindinsa, siririya kamar silin gashi. Malam Abdulƙahhar ya bi ta da farce. 'Yarsa Ruwaida na tsaye a ƙofar zaure, rungume da yadin da wata makaranta ta ba ta. Rigunan ɗalibai ake jira a wurinta kafin hutu ya ƙare, aikinta na farko tun da ta gama koyon ɗinki.

"Mayar da shi kwali," ya ce. "Dama na faɗa, sai sun yi mana musanye."

Ya tari Adaidaita daga Fagge zuwa Sabon Gari, shagon Chimezie, wanda ya yi masa odar keken daga Legas.

"A'a, mai sabon keke!" in ji Chimezie.

"Sabo a bakinka. Duba abin da ka sayar mini."

Chimezie ya sa tabarau ya leƙa kwalin, bai taɓa komai ba. "Wa ya kai maka shi gida?"

"Ina ruwanka da wanda ya kai? Fasasshe ne."

"Da ruwana. Jiya na tura direbana tasha, aka ce mai kaya ya riga ya karɓa."

Haka aka yi. Tun ranar da aka ce mota ta taso Malam Abdulƙahhar yake saƙe-saƙe. Ya sha jin labarin 'yan kasuwar da ke fara wucewa da sabon kaya shago, su sa tsoho mai sabon fenti, su liƙe kwali. Don haka ya yi sammako da rasit ɗinsa, ya riga kowa zuwa tasha.

Chimezie ya jawo takarda daga durowa. "Ga abin da muka yi da kai, na karanta maka da Hausa. Daga Legas har ƙofar gidanka, kaya a wuyana yake. Direbana ya sauke, ka buɗe a gabansa, ka duba, sannan ka sa hannu. In da matsala ka ƙi karɓa, ni zan ji da masu mota. Kai kuma ka je ka sa hannu a littafinsu cewa ka karɓa lafiya. Ka buɗe a can?"

"A tasha? Cikin idon jama'a?"

"To da wane baki zan je musu yanzu?"

"Wa ya sani ko bakinku ɗaya."

Chimezie ya cire tabarau. "Malam, a Sabon Gari aka yanke mini cibiya. Ina zan gudu da wuyan keke?" Ya sake leƙa kwalin. "Akwai mai walda a bayan layi. Bar shi, jibi ka zo. Zai yi wa yarinya ɗinki, amma ba zai koma sabo ba."

Malam Abdulƙahhar ya ciro biro ya yi ƙaramar alama a ƙasan keken, a gaban idon Chimezie, sannan ya fita ba sallama.

A hanyar komawa, wajen Bata, mai Adaidaita ya rage gudu ya kauce wa wani rami. "Wannan sai a hankali, Baba. In da kaya a baya, sai dai haƙuri."

Malam Abdulƙahhar ya waiga ya dubi ramin. Jiya ma ta nan suka bi da keken daga tasha, yana ta ce wa direba ya yi sauri kada wani ya biyo su. Ya tuna yadda kwalin ya yi tsalle, da ƙarar da ya yi a jikin ƙarfe.

Ruwaida na zaure tana jira, ta riga ta yanka yadi.

"Baba, ya amsa laifinsa?"

Ya sunkuya, ya daɗe yana cire takalmi.

"Kawo mini ruwa tukuna," ya ce.