Sababbin Takalman Don Arcesio

Shekara goma sha ɗaya muna zuwa bajekolin masu kiwon kaji a birnin Bucaramanga cikin mota ɗaya, ni da Don Arcesio. Gonarsa na jikin tawa a Lebrija, kuma shi ya riƙe ɗiyata ranar baftisma, shi ya sa muke kiran juna kompadre. Bana sai ya aiko in yi gaba, wai zai taho a bas.

Na same shi a ƙofar zauren bajekolin sanye da sababbin takalma baƙaƙe, sai sheƙi suke. Mutumin da ko coci da takalmin roba yake zuwa. Na miƙa masa hannu, ya cusa nasa a aljihu.

"Mura nake yi, kompadre."

"Mura, ko dai kuɗi ka yi, hannun talaka ya fara yi maka ƙaiƙayi?"

Ya yi dariyar yaƙe ya shige. Ni dai ban ji ya yi tari ba.

A ciki ko kallon injinan ƙyanƙyasa bai yi ba, alhali a da sai na janye shi daga wurinsu. Can na hango shi a rumfar wani babban kamfani mai saye ƙananan gonaki, ya karɓi takarda ya ninke ta sau huɗu. Herminda, dillaliyar da ke sarar ƙwanmu, ta zungure ni.

"Belisario, maƙwabcinka sayarwa zai yi. Kwana uku ko kiret ɗaya bai kawo min ba."

In ya sayar musu, rafin da muke sha tare ya zama nasu, kajina dubu huɗu kuma sai dai su sha ƙura. Na bi bayansa.

Ɗakin lacca ya shiga, inda wata likitar dabbobi, Dakta Yolima, ke bayani kan murar tsuntsaye. Ya zauna can baya shi kaɗai, yana rubutu a tafin hannunsa. Da aka zo tambayoyi ya ɗaga hannu, ya yi maza ya sauke.

Yana fitowa na tare shi a lungu.

"Nawa suka taya?"

"Su wa?"

"Kar ka raina min hankali, Arcesio. Na ga takardar."

Ya ciro ta ya miƙo min. Lambar wayar likitan kamfanin ce kawai a jiki.

"Daga Litinin zuwa yau kaza ɗari biyu da sittin na binne," ya ce. "Tsofaffin takalmana da kayan jikina duk na ƙona kafin in fito. Ka ga abin da ya hana ni shiga motarka."

Ban san sanda na ja da baya ba. Ya gani.

"Ka sanar da hukuma?"

"In na faɗa, kajina za su kashe, su haɗa da naka."

Ba zan yi ƙarya ba, na tsaya ina tunanin mu yi shiru mu koma gida. Sai na tuna jiya matata ta tsinci matacciyar kurciya a bakin rafi, na ce mata ba komai ba ne. Na kama hannun rigarsa.

"Mu je."

Dakta Yolima na tattara takardunta muka same ta. Ta saurare shi har ƙarshe, sannan ta dube shi ta saman tabarau.

"Don Arcesio, da wannan a gonarka ka shigo cikin mutum dubu biyu masu kaji?"

Ya sunkuyar da kai. A ranar aka rufe gonakinmu biyu, ba shiga ba fita. Kwana huɗu ina zagaya ɗakunan kaji, duk wadda ta lumshe ido sai na ɗaga ta na duba.

Sakamakon gwajin da aka yi wa kajinsa ya nuna ba murar tsuntsaye ba ce. Masarar da ya saya ce ta yi fumfuna, gubarta ke kashe su. Ya yi asarar kaji kusan ɗari tara, ni ko ɗaya ban rasa ba.

Amma kafin a buɗe mu magana ta riga ta zaga kasuwa, wata biyu ba mai taya ƙwansa. Muna gaisawa, yana zuwa cin abinci ranar Lahadi, sai dai na san a ransa ni yake zargi da baza zancen. Ni kuwa ina zargin wani mai rigar kamfanin nan mai sayen gonaki, wanda ya tsaya kusa da mu a lungun nan yana ta latsa waya. Na faɗa wa Arcesio haka. Ya ce shi bai ga kowa ba.