Sallagul Ɗin Ergash Ya Ƙi Fure

Shekara uku ke nan da Ergash, tsohon direban bas a garin Margilan, ya dasa wata shukar fure mai suna sallagul a tsakar gidansa, amma ko fure ɗaya bai gani ba. Ganye kam ga shi nan kore shar, har gwiwa. Da watan Mayu ya kama kuwa, sai na maƙwabciyarsu Tursunoy ya buɗe furanni jajaye, kowanne kamar naɗin rawani, ƙamshi har yana tsallako katanga. Abin haushin, daga jikin nata ta sara masa saiwar.

"Juya ta ba ni," ya ce wa matarsa Oydin suna shan koren shayi a ƙarƙashin rumfar inabi. "Da gangan. Ba ta son kowa ya kamo ta a unguwar nan."

"Haba, baban yara! Matar da ta riƙa kawo mana miya kana kwance a asibiti?"

"Miya daban, fure daban."

Daga nan ya sa wa Tursunoy ido. Ya lura duk sanda ta shigo hira sai ta tsaya a kan shukar tana girgiza kai. Rannan har ta sunkuya ta cusa yatsa a gindinta. Tana fita ya kwashe ƙasar wurin, ya sansana, ya ɗanɗana. Ba gishiri, ba kananzir. Wannan ya ƙara masa zargi, ya ce lallai abin da ta zuba ba shi da wari.

Da kaka ta yi, ganye ya bushe, sai ga Tursunoy da shebur.

"Yaya Ergash, matsa min."

Kafin ya yi magana ta fara tono. Sai da hannunta ya nutse har gwiwar hannu sannan ta taɓo saiwar.

"Dasa ta ka yi, ko jana'iza ka yi mata? Yatsa biyu na ƙasa ya ishi idanunta!"

"Sanyin hunturu na ji mata."

"Sanyin take so. Sau biyu ina faɗa maka, ka ce kai da ka shekara arba'in kana noman tumatir ba mai koya maka."

Ergash dai hannuwanta yake kallo da aljihun rigarta, ko za ta musanya wani abu. Ta mayar da saiwar sama-sama, ta karkaɗe hannu, ta tafi.

Mayun farko shiru. A na biyu furanni uku suka buɗe, jajaye, manya. Oydin ta yi ta tafi, ta naɗe burodi biyu masu zafi a mayafi za ta kai godiya.

Ergash ya biyo ta har bakin ƙofa, ya rage murya.

"Nata ashirin da bakwai, na ƙirga ta saman katanga. In kin shiga, akwai wani buhu a bayan ƙofar kicin ɗinta. Ki leƙa min abin da ke ciki."